Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Turawa Suke Kiran Sunan Geronimo Kafin Su Yi Tsalle?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun Turanci, kuma sau da yawa a finafinan Amurka nakan ji mutum ya ƙwalla ihu ya ce "Geronimo!" daidai lokacin da zai diro daga jirgin sama ko daga kan dutse. Da na bincika sai aka ce mini sunan wani madugun yaƙin sari-ka-noƙe ne da ya yi ƙaurin suna wajen rashin imani. Shin wane ne shi, kuma yaya aka yi sunan mutum irin wannan ya koma abin da ake faɗa a lokacin tsalle?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da aka gaya maka gaskiya ne, sai dai an ba ka rabin labarin. Bari mu fara da yadda kalmar take aiki a Turanci, domin shi ne ya fi sauƙin bayani. Masu nahawun Turanci suna sanya ta a cikin kalmomin motsin rai, wato irin kalmomin da suke tsayawa su kaɗai ba tare da sun shiga ginin jimla ba. Ba a yi mata jam'i, ba a mayar da ita aikatau, kuma har yau da babban baƙi ake fara rubuta ta, saboda ba a manta cewa sunan mutum ba ce. Wajen furtawa, Amurkawa suna cewa kamar "Jaronimo", suna jan wasalin ƙarshe gwargwadon tsawon faɗuwar, alhali a Sifaniyanci, inda sunan ya samo asali, "Heronimo" ake cewa. Mai faɗin ta yana nuna cewa ya rufe ido ya yanke shawara, zai auka wa abin da ke ba shi tsoro, kuma babu sauran komawa baya. Shi ya sa za ka ji ta a bakin yaron da zai faɗa cikin wurin ninƙaya, ko a bakin wanda zai gangaro daga tsauni a kan ƙanƙara, wani lokaci ma a bakin wanda zai latsa maɓallin aika wata muhimmiyar takarda, cikin raha.

Shi kuwa mai sunan, an haife shi a 1829 a yankin da Kogin Gila ya taso, wanda a lokacin yana ƙarƙashin Meziko, yanzu kuma yana kudu maso yammacin Amurka. Ɗan ƙabilar Apache ne, ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin ƙasar da Turawa suka tarar a Amurka, daga reshen da ake kira Chiricahua, kuma sunansa na yanka Goyahkla, wanda ake fassarawa da "mai hamma". Bai taɓa zama sarki ba, ko da yake jaridun zamaninsa sun yi ta ba shi wannan muƙami. Mutanensa sun ɗauke shi a matsayin mai baiwar magani da hangen abin da ke tafe, wannan imani da suka yi da shi kuma shi ne ya sa mayaƙa suke bin sa, har a shekarun ƙarshe ya riƙa tafiyar da yaƙi a gefen Naiche, ɗan sarki Cochise, wanda shi ne ya gaji sarautar gidansu bayan rasuwar yayansa Taza.

Kafin a yi wa mutumin nan hukunci, ya kamata a san irin ƙasar da ya tashi a cikinta. Tun a shekarun 1830 jihohin Sonora da Chihuahua na Meziko suka sanya lada a kan fatar kan 'yan Apache, peso 100 ga wanda ya kawo ta namiji baligi, kuma a Chihuahua har fatar kan mata da yara tana da nata farashin. A watan Maris na 1851, a lissafin mafi yawan masana tarihi, sojojin Sonora ƙarƙashin Kanar José María Carrasco suka far wa sansanin 'yan Apache kusa da garin Janos yayin da maza suka tafi cin kasuwa. Da Goyahkla ya dawo, ya tarar an kashe mahaifiyarsa da matarsa Alope da 'ya'yansa uku. Daga wannan rana ya ƙulla gaba da mutanen Meziko wadda bai kwance ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A cikin yaƙe-yaƙen ramuwar da suka biyo baya ne laƙabin Geronimo ya manne masa. Sunan Sifaniyanci ne na wani waliyyin Kiristoci, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa sojojin Meziko sun riƙa kiran waliyyin suna neman ɗauki a lokacin da yake kutsawa cikinsu da wuƙa, har 'yan uwansa suka ɗauki kalmar suka mayar da ita sunansa.

Batun rashin imanin da ka ambata kuwa, ba zan wanke shi ba, domin shi kansa bai wanke kansa ba. A tarihin rayuwarsa da ya shifta wa S. M. Barrett ta bakin tafinta, wanda aka buga a 1906, ya faɗa ƙarara cewa ya kashe mutanen Meziko da yawa, bai san adadinsu ba saboda sau da yawa bai ƙirga ba. Hare-harensa ba su tsaya kan sojoji ba. Sun haɗa da makiyaya da matafiya da masu haƙar ma'adinai, kuma a watan Afrilun 1886 mutanensa sun auka wa wani gidan kiwo a kudancin Arizona suka kashe matar gidan da ƙaramin ɗanta. Wanda aka zalunta yana iya zama azzalumi, kuma zaluncin da aka yi masa ba ya halatta jinin yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Hatta a cikin danginsa akwai waɗanda suka mutu suna jin haushinsa, suna ganin taurin kansa ne ya jawo wa ƙabilar baki ɗaya bala'in da ya same ta. Amma duk wanda zai kira shi mara imani, adalci ya wajabta masa ya faɗi sunan da ya dace da gwamnatin da take sayen fatar kan yara da kuɗi.

Bayan yarjejeniyar 1848 da cinikin ƙasa na 1853 tsakanin Amurka da Meziko, yawancin yankin Apache ya koma hannun Amurka, sai abokan gabarsa suka zama biyu. A 1877 aka kama shi aka kai shi San Carlos, wani keɓaɓɓen fili mai zafi da fari da zazzaɓi a Arizona inda gwamnati ta tattara ƙabilun Apache, ta hana su yawon da suka gada. Sau uku yana ɓallewa daga can, na ƙarshe a watan Mayun 1885. Wannan ɓallewar ta ƙarshe ita ce ta kai sunansa kowane gida a Amurka. A watan Maris na 1886 ya amince zai miƙa wuya ga Janar George Crook, sai kuma ya sulale cikin dare ya koma duwatsun Sierra Madre na Meziko. Janar Nelson Miles ya karɓi aikin, aka baza sojoji kimanin 5,000, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na rundunar Amurka ta wancan lokaci, ban da dubban sojojin Meziko, duk ana neman mutanen da ba su kai 40 ba, har da mata da yara a cikinsu. Wata biyar ana neman su ruwa a jallo ba a kama ko mutum ɗaya ba. Daga ƙarshe wani ƙaramin hafsa, Laftanar Charles Gatewood, tare da 'yan Apache biyu masu yi wa soja jagora, shi ne ya isa inda yake ya shawo kansa, ya miƙa wuya a Skeleton Canyon ranar 4 ga Satumba, 1886.

Abin da ya biyo baya yana da muhimmanci ga tambayarka, domin a nan ne mutumin ya fara rabuwa da sunansa. An kwashe shi da ɗaruruwan 'yan Chiricahua a jirgin ƙasa zuwa Fulorida a matsayin fursunonin yaƙi, har da waɗanda ba su taɓa ɗaga makami ba, har ma da waɗanda suka yi wa sojan Amurka jagora wajen nemo shi. Daga can aka mayar da su Alabama, a 1894 kuma aka kai su barikin Fort Sill a Oklahoma. Da tsoro ya gushe daga zukatan Amurkawa, sai sha'awar kallo ta maye gurbinsa. An kai shi manyan baje-koli, ciki har da na Omaha a 1898 da na St. Louis a 1904, inda dattijon yake zaune a rumfa, masu gadi na kusa da shi, yana sayar da hotunansa da sa hannunsa da baka da kibau. An ruwaito cewa a tashoshin jirgin ƙasa yakan yanke maɓallan rigarsa ya sayar wa 'yan kallo, kafin a isa tasha ta gaba ya ɗinka wasu. A 1905 ya hau doki a jerin gwanon bikin rantsar da Shugaba Theodore Roosevelt, bayan 'yan kwanaki ya roƙi shugaban ya bar mutanensa su koma Arizona, aka ƙi. Ya rasu ranar 17 ga Fabrairu, 1909, sakamakon ciwon huhu bayan ya faɗo daga kan doki ya kwana a waje cikin sanyi, yana fursuna har lokacin. Sauran danginsa ba su fita daga wannan matsayi ba sai a 1913.

Shekara 31 bayan rasuwarsa ne sunan ya shiga bakin sojojin laima. A 1940 rundunar Amurka ta kafa wani ƙaramin rukuni na sojoji kimanin 50 a barikin Fort Benning da ke jihar Jojiya domin gwajin dirowa daga jirgin sama. Labarin da sojojin suka adana, wanda kuma masana tarihin rundunar suka karɓa, shi ne cewa a watan Agusta, ana gobe za su yi wata dira, wasu daga cikinsu suka je kallon wani fim na 1939 da aka yi a kan Geronimo. A hanyar dawowa abokan wani kurtu mai suna Aubrey Eberhardt suka riƙa zolayarsa cewa gobe tsoro zai sa ya manta ko sunansa. Ya ce musu su kasa kunne, idan ya fito daga ƙofar jirgin zai kira sunan Geronimo da ƙarfi domin su san hankalinsa yana jikinsa. Washegari ya cika alkawari, waɗanda suke bayansa suka kwaikwaya, abin ya zama al'ada, har bataliya ta 501 ta sojojin laima ta ɗauki sunan ta sanya a jikin tambarinta. Akwai wani labari da ake bayarwa cewa shi Geronimo ne da kansa ya taɓa zaburar doki ya diro daga wani tsauni a Fort Sill yana kiran sunansa, amma wannan almara ce, kada ka ɗauke ta tarihi. Yaƙin Duniya na Biyu da finafinan da suka biyo bayansa da zanen barkwanci na yara su ne suka fitar da kalmar daga bariki suka watsa ta cikin jama'a.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne cewa wannan kirari ne da aka juya. Jarumi idan zai shiga fage yakan ambaci sunansa ko na kakanninsa domin zuciyarsa ta tsaya. Su waɗannan sojoji kuwa sunan abokin gabar rundunarsu suka ara, mutumin da magabatansu suka tsare shekara 23 har ya mutu a hannunsu. Sun zaɓi ƙarfin zuciyarsa suka riƙe, suka bar jinin da ya zubar da wanda aka zubar masa, kuma mafi yawan masu faɗin kalmar a yau ba su san ko ɗaya daga cikin biyun ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A wani zama da abokaina mun yi gardama a kan ko Geronimo ne kaɗai mutumin da sunansa ya zama kalma a Turanci ta wannan hanya. Muna neman a raba mana gardama.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Sunayen da suka zama kalmomi suna da yawa, sai dai hanyar da suka bi daban ce. Vidkun Quisling ɗan siyasar Norway ne da ya haɗa kai da sojojin Jamus da suka mamaye ƙasarsa a 1940, aka kuma zartar masa da hukuncin kisa a 1945, yanzu "quisling" tana nufin maci amanar ƙasarsa. Kyaftin Charles Boycott wakilin wani mai filaye ne a Ayalan wanda manoma suka daina hulɗa da shi a 1880, daga nan "boycott" ta zama kalmar ƙaurace wa mutum ko kaya. Waɗannan biyun sun narke a cikin harshen, ana rubuta su da ƙaramin baƙi, ana yi musu jam'i, ta biyun ma ana sarrafa ta a matsayin aikatau, kuma ma'anarsu tana ɗauke da abin da mutumin ya aikata ko abin da aka yi masa. Geronimo bai bi wannan hanya ba. Idan ka kira wani "Geronimo" a Turanci kana nufin mara tausayi, ba za a fahimce ka ba, domin kalmar ba ta ɗauki wannan ma'ana ba. Mai son ya siffanta wani da rashin imani ta hanyar suna ya fi ambaton tsofaffin sarakunan yaƙi irin su Attila ko Genghis Khan. Saboda haka wanda ya ce akwai wasu sunayen ya yi gaskiya, wanda kuma ya ce na Geronimo ya fita daban shi ma bai yi kuskure ba, tunda da wuya a sami wani sunan mayaƙi da ya koma ihun tsalle.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a makarantar sakandare. Na ji cewa an yi ce-ce-ku-ce a Amurka a kan wannan suna lokacin da aka kashe Usama bin Ladan. Shin kalmar zagi ce? Ya dace in koya wa ɗalibaina ita, ko in hana su faɗin ta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri kan wannan kulawa. Abin da ya faru shi ne, a daren 1 zuwa 2 ga Mayu, 2011, lokacin da sojojin kundumbalar Amurka suka kai farmaki gidan da Bin Ladan yake a garin Abbottabad na Pakistan, saƙon da suka aika wa shugabanninsu ya ƙunshi sunan Geronimo haɗe da wasu haruffa huɗu masu nufin an kashe maƙiyi a fagen fama. Daga baya bayanai sun sha bamban, wasu suka ce laƙabin Bin Ladan ne, wasu suka ce alama ce kawai ta cewa an kai ga wanda ake nema. Ga 'yan asalin ƙasar wannan bambanci bai rage zafin abin ba. Shugaban ƙabilar Apache ta Fort Sill na lokacin, Jeff Houser, ya rubuta wa Shugaba Barack Obama yana neman a ba su haƙuri, kuma a ranar 5 ga Mayu maganar ta taso a zaman kwamitin Majalisar Dattawa mai kula da al'amuran 'yan asalin ƙasar, inda wani tattaɓa-kunnen Geronimo, wanda shi kansa tsohon sojan Amurka ne da ya yi yaƙin Vietnam, ya gabatar da ƙorafinsa a rubuce.

A ganina suna da hujja. Mutanen nan suna cikin al'ummomin da suka fi shiga aikin soja a Amurka idan aka auna da yawansu, sai ga shi rundunar da 'ya'yansu suke mutuwa a cikinta ta haɗa sunan kakansu da na mutumin da ƙasar ta ɗauka babban maƙiyinta. Duk abin da za a ce game da Geronimo, a ƙasar kakanninsa ya yi yaƙi, da waɗanda suka zo suka same shi a cikinta. Wannan lamari ya kuma tuna wa jama'a wata tsohuwar ɗabi'ar rundunar ta sanya wa makamanta sunayen ƙabilun da ta murƙushe. Akwai jirgi mai saukar ungulu da ake kira Apache, kuma jiragen da suka kai wancan farmaki na Pakistan samfurin Black Hawk da Chinook ne, na farkon sunan wani jagoran ƙabilar Sauk da ya yaƙi Amurka a 1832, na biyun sunan wata ƙabila. Rundunar tana cewa girmamawa ce, kuma akwai 'yan asalin ƙasar da suka yarda da hakan, akwai waɗanda suke ganin fami ne ga tsohon miki.

Amsar tambayarki kai tsaye ita ce, kalmar ba zagi ba ce, kuma ba ta cikin kalmomin batsa da ake hana yara. Ɗalibin da ya faɗe ta a filin wasa bai yi laifi a Turanci ba. Sai dai kalmar baka ce ta raha, ba ta da gurbi a wasiƙar neman aiki ko a insha'in jarrabawa, sai fa idan ɗalibi yana rubuta labari ya sanya ta a bakin wani ɗan wasa, tsakanin alamun zance, da babban baƙi a farko da alamar motsin rai a ƙarshe. Ki gargaɗe su kada su laƙaba wa kowa sunan da nufin ɓatanci, kada kuma su yi wasa da shi a gaban ɗan ƙabilun asalin Amurka, domin a wurin 'yan Apache sunan dangi ne, jikokinsa suna raye a Oklahoma da New Mexico, kabarinsa kuma yana maƙabartar fursunonin Apache a Fort Sill. Shawarata ita ce ki koyar da kalmar tare da labarin mai ita a darasi ɗaya, ki kawo musu sanannen hotonsa da ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya riƙe da bindiga yana murtuke fuska, sannan ki gaya musu abin da ya faru a Janos a 1851 da abin da ya faru a gidan kiwon nan na Arizona a 1886.